Rarar Gero a Rumbun Dagaci

Wani dagaci ya gina wa ƙauyensa rumbu, ya ce kowane magidanci buhu goma kaɗai zai ajiye. Sai ya kira Cindo mai gadi.

"Kada rumbun nan ya cika," in ji dagaci. "Kuma kada ka kuskura ka ƙirga buhunan kowa, cin fuska ne. Abin da mutum ya faɗa, shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, in wani ya zarce fa?"

"A garina ba a ƙarya. In ya cika, ka sha bulala."

Ba a jima ba rumbu ya cika maƙil. Cindo ya tara jama'a yana tambaya, kowa ya ce goma ya zuba. Ya juya ga dagaci.

"Ranka ya daɗe, kai fa?"

"Goma mana!"

"Madalla. Kowa ya fitar da gomansa. Abin da ya rage ba shi da mai shi, zan kwashe in kai gida."

Dagaci ya zabura. "Kai! Ina da talatin a ciki!"

Cindo ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, a garin nan ba a ƙarya. Wacce zan kama, ta ɗazu ko ta yanzu?"