Tsohuwar da Aka Bari Gadin Shinkafa

Akwai wani mutum, manomi ne mai iyali. Wata shekara Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka har rumbu ya kasa ɗaukar masara. Sai ya ce a ransa, "Bana kam sai na kai iyalina gandun daji su ga giwa da idonsu, maƙwabta kuma su sha labari."

Ya sa ranar kashegarin Kirsimeti. Ya ɗauki shatar bas. Aka ɗinka anko tun daga kansa har jaririn goye. Matarsa ta dafa shinkafa da kaji, kula uku. Har mai hoto ya kirawo daga gari, wani dogo mai jaka a wuya, don kada a ce an je ba shaida.

Mutumin nan yana da uwa, tsohuwa ƙwarai. A cikin wannan dajin aka haife ta, tun kafin a tashi ƙauyensu a bar wa namun daji wurin. Tana budurwa suka fito, ba ta sake komawa ba. Da ta ji zancen tafiyar, sai ta kira ɗanta ɗaki.

Ta ce, "Baban Keziya, ni ba giwa nake so in gani ba. Na ga giwa tun ban san ubanka ba, gonarmu take ci. Kufan ƙauyenmu nake so ka kai ni. Akwai tsamiya a bakin rijiya, a gindinta aka binne uwata. In tsaya a wurin sau ɗaya tak, kafin Ubangiji ya kira ni."

Ya ce, "Iya, wannan ai an gama. Ki ɗauka kin je kin dawo."

Ranar tafiya, zakara bai gama cara ba tsohuwa ta yi wanka, ta ɗaura ankonta, ta riga kowa shiga bas.

Da suka isa, sai ma'aikacin gandun da zai raka su ya ce bas ba ta shiga daji, sai buɗaɗɗiyar motarsu, ita kuwa mutum goma take ɗauka. Aka ƙirga kawuna, sha ɗaya. Ya kuma ja musu kunne kada su bar abinci ba mai tsaro, don biran wurin ba su da tarbiyya, kula ma sun iya buɗewa.

To, ku da kuke zaune, ku faɗa mini, wa za a bari? Kada ku yi mini fuskar tsarkaka. Kun san amsar, don haka kuke yi a gidajenku.

Mutumin ya dubi mai hoto, ya dubi uwarsa da ta riga ta kama ƙarfen mota tana neman hawa. Ya sassauta murya kamar mai addu'a.

"Iya, hanyar nan gargada ce, bayanki ba zai ɗauka ba. Ki zauna a inuwa ki huta. Ga shi kuma kya sa mana ido a kan abinci."

Matarsa ta ja hannun rigarsa. "Baban Keziya, ai Iya ce ya kamata..."

"Ke kuma! In mai hoto ya zauna, wa zai ɗauke mu? Biri?"

Tsohuwa ta saki ƙarfen. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka jera kula uku a gabanta, aka ba ta sanda. Ta zauna.

Mota ta shiga daji. Suka ga gwanki, suka yi ihu. Suka ga ɓauna, suka yi ihu. Suka ga kashin giwa mai ɗumi, mai gida ya sa aka ɗauke shi hoto a gefensa, hannu a ƙugu, kamar shi ya yi.

Can rana ta karkata, motar ta tsaya a wani fili. Ga duwatsun niƙa a warwatse cikin ciyawa, ga bakin tsohuwar rijiya, ga wata ƙatuwar tsamiya.

Mai rakiyar ya ce, "Nan dā ƙauye ne. Kullum baƙi suna tambayarmu sunan mai garin, da wanda ya haƙa rijiyar nan, da kaburburan da ke wajen, mu kuwa sai kame-kame. Mun daɗe muna cigiyar tsohon da aka haifa a nan, ba mu samu ba."

Mai gida ya miƙe tsaye cikin mota, ya bugi ƙirji. "Ai uwata a nan aka haife ta! Kakata ma tana gindin tsamiyar can."

Mai rakiyar ya cire hularsa. "Ayya. Allah ya ba ta hutawa. Yaushe uwar taka ta rasu?"

Matar ta sunkuyar da kai. Mai hoto ya shiga goge gilashin da ba shi da datti.

"Ba ta rasu ba," in ji mai gida.

"To, ba ta da lafiya ne? Tana gida?"

"A'a. Tana... tana can wajen shinkafa."

Mai rakiyar ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Tsohuwar da na gani da sanda? Malam, ka kawo uwarka har ƙofar garinsu, ka ajiye ta tana faɗa da birai? Da ka faɗa mini, ni zan sauka in ba ta kujerata in maƙale a baya!"

Mai gida ya ce a juya a ɗauko ta. Mai rakiyar ya ce ina, hanya ta yi nisa, da yamma kuma ba a shiga, lokacin namun daji ne. Mai gida ya ce, "To, baɗi in Allah ya kai mu." Kuma don kada zuwan ya tashi a banza, ya tara iyalinsa aka yi hoto a gindin tsamiyar.

Da suka koma, suka tarar da tsohuwa a inda suka bar ta. Ɗankwalinta ya karkace, zufa ta jiƙa mata anko, amma ko ƙafar kaza biri bai samu ba. Ita ma ba ta ci ba, tana jiran masu gida su dawo.

Ta ce, "Sannunku da zuwa. Tsamiyar tana nan?"

Ɗanta ya karɓi na'urar mai hoto da sauri, ya kai mata kusa da ido. Ta daɗe tana dubawa. Kawuna ne cike da hoton, haƙora a waje, anko yana walƙiya. Tsamiyar kuwa reshe ɗaya ne ya samu wuri, can bayan hular mai gida.

Ta miƙa masa. Ta ce, "Kun yi kyau."

Kafin masarar baɗi ta nuna, Ubangiji ya kira ta.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan, ko da yake na ga wasu sun riga sun fara duban ƙasa. Motar nan kwanakinmu ne, kujerunta ƙirgaggu ne, ba ka iya ɗaukar kowa da komai. Mai hoto shi ne son a gani, son a ce wane ya yi. Tsohuwar kuwa ita ce iyayen da Ubangiji ya umarce mu mu girmama, mu kuma muka mai da su masu gadi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kalmar nan, "ki huta." Mutumin nan bai zagi uwarsa ba, bai ɗaga mata murya ba. Da ladabi ya cuce ta! Haka muke yi. Za a tafi biki, Baba ka huta, ka ga mana awaki. Za a zo sujada, Kaka ki huta, ki riƙe mana jariri. Yau ɗin nan, tsofaffi nawa ne ke gida suna jiran wake ya nuna, mu muna nan muna ɗaga murya a waƙa? Kana tsammani Ubangiji bai iya ƙirga ba ne? Ya san mutum nawa ne a gidanka, ya san nawa ka kawo.

Kuma ku bar cewa baɗi. Baɗi ba a aljihunka take ba. Ranar jana'iza za ka ɗinka wani ankon, ka yanka sa, ka yi kuka har a rirriƙe ka. Wa zai ci? Ita dai ba ta ci.

In an tashi daga nan, kada ka tsaya gaishe-gaishe a bakin majami'a. Tafi gida, ka durƙusa gaban tsohonka ko tsohuwarka, ka tambaya, "Ina kike so in kai ki?" In ta faɗa, ka rufe bakinka, ka nemo mota.