Manhajar da Ta Kulle Kanta a Damari

Akwai wata baiwar Allah a Ƙanƙara, sunanta Suwaibatu, ma'aikaciyar wata ƙungiya mai zaman kanta da ke da ofis a birnin Katsina. Ku karanta labarinta har ƙarshe, don ni kaina da nake rubuta shi raina a ɓace yake.

Ƙungiyar tana da wata manhaja ta waya da ta raba wa ma'aikatan lafiya na ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Aikinta ɗaya ne. In maciji ya sari mutum, sai ma'aikaci ya buɗe ta, ta nuna masa asibitin da ke da allurar dafi a ranar, da lambar wanda za a kira. Allurar tana da wuyar samu. Yau tana nan, gobe ta ƙare.

A wannan yanki kuwa ba a yin kuskuren hanya sau biyu. Saboda 'yan bindiga, da la'asar ta yi, akwai hanyoyin da ko nawa za ka ba mai babur ba zai bi ba.

Aikin ƙungiyar kashi biyu ne. Injiniyoyi masu rubuta manhajar suna Katsina cikin sanyin esi, babbansu wani matashi ne mai suna Kamilu. Masu kula da ita a hannun mutane kuma suna ƙauye, Suwaibatu ce shugabarsu. Ita ke hawa babur ta bi gari gari, ta gyara wayar da ta rikice, ta koya wa wanda bai iya ba.

Tsakanin ɓangarorin nan biyu, shugaban ƙungiyar, Alhaji Sanusi, ya kafa doka. Ma'aikacin ƙauye ba ya kiran injiniya. In akwai matsala, a rubuta rahoto, a kawo teburinsa, shi zai miƙa in ya ga dama. Su kuma injiniyoyi sun saba sakin sabon gyara ranar Alhamis da yamma, su kashe waya, sai Litinin.

Sau uku ana sakin gyara yana ɓata wani abu a ƙauye. Sau uku Suwaibatu tana shan rana a kan babur tana ba mutane haƙuri a kan laifin da ba ita ta yi ba.

Da abin ya ishe ta, sai ta rubuta takarda shafi biyu, ta shiga mota ta tafi mitin ɗin wata a Katsina.

Da aka ba ta dama, ta ce, "Alhaji, roƙona ɗaya ne. A haɗe mu da su Kamilu mu zama tawaga ɗaya. Kafin a saki gyara, a gwada shi a ƙauye ɗaya, a irin wayar da mutanenmu ke riƙewa. In ya ɓaci, a samu wanda zai mayar da tsohon a take. Kuma wanda ya rubuta abu, wayarsa ta kasance a kunne ranar da aka sake shi."

Kamilu ya yi 'yar dariya. "Ni dai duk abin da na saki, sai na gwada a wayata. Lafiya lau yake aiki."

"Wayarka tana Katsina, Malam Kamilu. A Damari ta Sabuwa sai an hau kan dutse ake samun sabis."

Alhaji Sanusi ya ɗaga takardar da yatsu biyu, ko shafin farko bai gama ba ya ajiye.

"Suwaibatu, me kika karanta ne?"

"Difloma ce da ni, Alhaji."

"To waɗannan digiri gare su. Kina so in kwashi injiniyoyina in kai su dajin Sabuwa a sace min su? Ko kuwa so kike kowane mai riƙe da waya a ƙauye ya riƙa buga musu kamar yaransa? Su rubuta, ku raba. Haka na tsara."

Ta ce, "Alhaji, kaka ta kusa. Lokacin da maciji ya fi sara ke nan. In ta ɓaci a irin wannan lokaci, rai za a rasa."

"Ke kaɗai kika san darajar ran mutane? A wuce magana ta gaba."

Wallahi jama'a, girman kai irin wannan ciwo ne. Mutumin nan bai taɓa taka Damari ba, amma ya fi mai zuwa can kowane mako sanin Damari.

Suwaibatu ta naɗe takardarta ta koma Ƙanƙara. Wata biyu tana sake tura ta, ko amsa ba a yi mata ba.

Ana tsakiyar girbin dawa, masu ba ƙungiyar tallafi suka ce za su zo duba aiki. Alhaji yana son abin nunawa, sai ya sa Kamilu ya ƙara wa manhajar tsaro. Daga yanzu, duk wanda zai buɗe ta, sai an turo masa lamba shida ta saƙon tes, ya shigar cikin minti biyu, in ba haka ba lambar ta mutu.

A ofis abin ya yi kyau, har tafi aka yi. Ranar Alhamis da yamma aka sake shi ga kowa da kowa, ba wanda ya gaya wa Suwaibatu.

A Damari akwai ma'aikaciyar lafiya mai suna Tabita, 'yar garin ce, shekararta tara tana wannan aiki. Kowace safiya takan hau wani dutse a bayan makarantar firamare, ta ɗaga waya, manhajar ta ɗauko sabon jerin asibitoci da ɗan sabis ɗin da ya samu, ta sauko.

Ranar Juma'a ta hau, manhajar ta ce sai lamba. Ta jira. Saƙon bai shigo ba sai bayan minti bakwai. Ta shigar, aka ce ta mutu. Ta sake, haka. Sai ta kira Suwaibatu.

Kafin azahar, mutum goma sha huɗu sun kira Suwaibatu da kuka iri ɗaya. Ta karya doka ta buga wa Kamilu, wayarsa a kashe. Ta buga wa Alhaji.

"Alhaji, manhaja ta kulle a ƙauyuka. Don Allah a sa Kamilu ya mayar da tsohuwar yau."

"A mayar? Baƙi za su zo Talata su ga me? Mutanenki ne ba su iya ba. Ki rubuto rahoto, Litinin a duba."

Ya kashe.

Ba yadda ta iya, sai ta buɗe jerin a wayarta, tunda Ƙanƙara akwai sabis, ta riƙa kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya tana karanta musu. Tabita ta rubuta a bayan kwalin magani: asibitin da ya fi kusa da Damari yana da kwalba biyu. Waɗanda waya ba ta same su ba, Suwaibatu ta ce gobe za ta kai musu da kanta.

Asabar da sassafe ta hau babur ta nufi Ruwan Godiya ta Faskari, hanyar da babu sabis ko ɗigo.

Da hantsi ya ɗaga, wani manomi a Damari, Malam Barau, magidanci mai 'ya'ya shida, ya sunkuya zai ɗaga tarin karan dawa a gonarsa. Kububuwa tana kwance a ƙarƙashi. Ta sare shi a bayan hannu.

Ƙanensa Ɗanlahadi ya goyo shi a babur zuwa wurin Tabita. Hannun ya fara kumbura, amma mutumin yana magana, har yana cewa a tuna a kwashe masa dawar kada awaki su shiga.

Tabita ta ce, "Baba Barau, ka zauna kada ka motsa hannun. Yanzu nan zan dawo."

Ta ruga kan dutse. Jerin da ke hannunta na jiya ne, ta kuma san kwalba biyu ba ta kwana lokacin kaka. Ta nemi lamba, ta zo a makare. Ta sake nema, ta zo a makare. Ta kira Suwaibatu, ba ta shiga. Lambobin asibitocin kuwa duk suna cikin manhajar da ta kulle.

Ɗanlahadi yana ƙasa yana ɗaga murya. "Tabita, mi ake ciki? Ina za mu tahi da shi?"

Sau biyar ta gwada. Kusan rabin awa ta tafi a banza. Ta sauko, ta duba bayan kwali, ta faɗa masa sunan asibitin da ke rubuce.

Suka yi tafiyar awa ɗaya da rabi a kan hanya mai ramuka, mutum uku a babur ɗaya, Tabita tana riƙe da Malam Barau ta baya. Da suka isa, aka ce musu kwalaben nan biyu an yi wa wata mata tun da safe. An ma shigar da hakan a manhaja tun ƙarfe takwas. Inda allurar take yau, wani asibiti ne ta can ɗaya ɓangaren, da sun nufe shi tun daga gida da awa biyu ta kai su.

Suka juya. A lokacin jini ya fara fitowa daga dasashin Malam Barau, yana tofarwa yana ba su haƙuri wai ya wahalar da su. La'asar ta riske su a hanya, dole suka bar gajeriyar hanya suka yi zagaye.

Saura tafiyar da ba ta kai ta minti ashirin ba, Tabita ta ji nauyinsa ya sake a jikinta. Ta ce wa Ɗanlahadi ya tsaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na sani, wani zai ce kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Amma wannan ba ya wanke wanda aka gaya wa, aka sake gaya masa, ya toshe kunnensa.

Suwaibatu ba ta ji ba sai da ta fito inda ke da sabis, ta ga kiran Tabita har tara. A bakin hanya ta zauna ta yi kuka kamar ranta zai fita.

Ranar Litinin ba ta rubuta rahoton komai ba. Ta shiga ofis, ta wuce teburin Alhaji, ta tsaya a kan Kamilu ta gaya masa abin da ya faru a gaban kowa. Sai a ranar ya san ma an kira shi. Ya jawo kwamfutarsa, bai nemi izinin kowa ba, ya mayar da tsohuwar manhajar.

Alhaji ya fito yana cewa, "Ai da kin yi min bayani sosai..."

Ta ce, "Alhaji, shafi biyu na rubuta maka. Tana cikin durowarka."

Da baƙi suka zo Talata suka ji labari, suka ce ba za su duba komai a ofis ba, Damari za a kai su. Haka Alhaji Sanusi ya shiga mota tare da Kamilu da Suwaibatu, ya bi hanyar da ya ce ba zai tura kowa ba.

Suka tarar ana zaman makoki a ƙofar gidan Malam Barau. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka yi addu'a. Ɗanlahadi ya karɓi gaisuwa bai ɗaga kai ba. Yaran mamacin suna leƙowa daga zaure suna kallon motar.

Can sai ga Tabita ta zo da wayar ƙungiya a hannu. Ta durƙusa ta gaida Alhaji yadda ya kamata. Alhaji ya ce mata ta kwantar da hankalinta, an riga an gyara, yanzu komai yana aiki.

Ta ce, "Na gani, Alhaji. Wane ne ya gyara?"

Aka nuna mata Kamilu.

"Malam, tambaya ɗaya gare ni. Gyaran nan, kwana nawa ya ɗauke ka?"

Kamilu ya sunkuyar da kai. Suwaibatu tana wurin ranar da ya gyara, ba halin ya ƙara ko ya rage.

Ya ce, "Minti goma sha ɗaya."

Sai a lokacin Ɗanlahadi ya ɗago ya dube shi.

Tabita ta ajiye wayar a kan tabarma, a gaban Alhaji. Ta ce, "A jikina ya cika. Ku ba wani, ni na gama."

Ta tashi ta shige cikin gida wurin mata.

A cikin makon Alhaji ya sa hannu a takardar Suwaibatu, bai canza ko kalma ɗaya ba. Yanzu injiniyoyi da ma'aikatan ƙauye tawaga ɗaya ce, ba a sakin gyara sai an gwada shi a ƙauye, kuma kullum akwai injiniyan da wayarsa ke kunne. Amma har yau a Damari ba a samu wanda ya yarda ya karɓi wayar ba, Tabita kuma ta bar aikin lafiya gaba ɗaya.

Darasi: Wanda ya ƙera abu da wanda ke riƙe da shi a hannun jama'a, aiki ɗaya suke yi, kada shugaba ya raba su don yana ganin wani ya fi wani karatu. In na ƙasa da kai ya zo maka da gargaɗi, ka saurare shi tun ana iya gyara, domin amincewar da ta zo bayan an binne mutum ba ta mayar wa marayu ubansu. Ku tura wannan labari ga duk wani shugaba da kuka sani, wataƙila akwai irin wannan takarda a durowarsa yanzu haka.