Mantuwar Baba Direba

Akwai wani dattijo da ake kira Baba Direba. Ya daɗe da ajiye aiki, amma tsohuwar motarsa ita ce ransa, da ita yake zuwa hira wurin abokansa kullum.

Wata rana ya zame a banɗaki ya bugu a ka, aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa. Ba a ga rauni ba, sai dai ya ji likita tana gaya wa babbar 'yarsa cewa ƙwaƙwalwar ta ɗan tsuke. Baba ya riƙe maganar gam.

Tun daga ranar mantuwa ta sauka a gidan. An hana shi zaƙi, ya manta. An ce ya riƙa tattaki da safe, ya manta. Aka kama shi da cokali cikin gwangwanin madara, ya langaɓe kai.

"Ku yi mini uzuri, ƙwaƙwalwata ta tsuke."

Matarsa kallonsa kawai take yi. 'Yar kuwa hankalinta ya tashi, ta ɗauke makullin motar.

"Baba, mai irin wannan mantuwa ba ya tuƙi. Sayar da ita za mu yi."

Nan take Baba da kansa ya ce a koma asibiti.

Likita ta ce, "Tsukewa kaɗan tana zuwa da shekaru, ko ga mai lafiya. Ciwon mantuwa daban ne: mutum ya ɓata a layinsu, ko ya kasa aikin da ya saba. Me yake mantawa?"

Matar ta ce, "Hanin shan zaƙi da tattaki. Amma gwangwanin madara, ko cikin injin wanki na ɓoye shi sai ya gano."

"Ciwon mantuwa ba ya zaɓe, Baba," in ji likita. Ta yi masa gwaji, ya amsa komai tiryan-tiryan, har da abin da ba a tambaye shi ba.

A waje 'yar ta ce, "Baba, kuka fa na yi ta yi a kanka."

Kunya ta rufe shi.

Ba a sayar da motar ba. Amma makullin yana hannun matarsa, sai ya dawo daga tattaki take miƙa masa. Har yau bai ƙara mantawa ba.

Darasi: Ba kowace mantuwa ce ciwo ba, a bar wa likita hukunci. Kuma kada ka fake da cutar da wasu ke fama da ita da gaske, domin masoyanka ne za ka sa kuka. Tura wa 'yan uwa su karanta.