Yatsun Masaƙi da Kazar Maɗori

Sunan garin ya kuɓuce mini, haka ma sunan sarkin. Tsufa ya kwashi rabonsa. Ga dai abin da ya bar mini.

A zamanin da an yi wani sarki da ƙarar masu magani ta ishe shi. Wanda ya sha jiƙo bai warke ba sai fada, wanda aka yi wa ƙaho ya ji zafi sai fada. Ran nan ya fusata ya ce, "Daga yau ba mai ƙarar mai magani, sai in wani mai magani ya shaida an yi sakaci."

Waziri Cindo bai ji daɗin wannan doka ba, don ya san ba mai shaida a kan ɗan'uwan sana'arsa.

Ba a jima ba wani masaƙi, Nomau, ya zube gaban Waziri, hannunsa na dama ba yatsu uku. Ya ce, "Ranka ya daɗe, karaya na yi, maɗori Jatau ya ɗaure ni tamau. Bisa al'adar gidansu ya karya ƙafar kaza ya ɗaure, wai randa ta taka na warke. Yatsuna suka kumbura, suka yi baƙi. Mai ɗakina ta ruga wurinsa, ya leƙa akurki ya ce kaza lafiya lau, mu yi haƙuri. Yanzu da me zan jefa ƙoshiyar saƙa? Me iyalina za su ci?"

Waziri ya tara maɗoran gari. Wannan ya ce ƙaddara, wancan ya ce ba ya nan aka yi. Waziri ya dafe kai ya ce, "Kai jama'a! Ba wanda ke da ido sai kaza?"

Bayan kwana biyu ya sa aka ɗaure masa hannu da karare, ya tsoma yatsunsa a ruwan baba na rini suka yi baƙi, ya kwanta a zaure yana nishi. Sarki ya zo dubiya, aka kira maɗora, har da Jatau. Da ganin yatsun suka ɗauki salati. Jatau ya riga kowa zaro wuƙa, yana yanke igiya yana faɗa, "Wane jahili ya bar ɗauri a kan baƙin yatsa? Ko ɗan koyo ya san kwancewa ake yi nan take!"

Waziri ya tashi zaune ya ce, "Malam Jatau, ba ka tambayi lafiyar kazata ba."

Waziri ya juya ga Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ga shaidar da ka nema, daga bakin mai ita. Waraka ta Allah ce, ba a tuhumar kowa a kanta. Amma wanda ya karɓi majinyaci, ya san abin yi, aka kira shi ya ƙi zuwa, har aka rasa gaɓa, diyya ta hau kansa."

Sarki ya ce, "Ku biya Nomau, ku tashi ku ba ni wuri!"

Na daɗe ina gaya wa mutane Nomau ya koma saƙa. Daga baya na haɗu da jikarsa a wata kasuwa, ta ce a'a, bai ƙara zama gaban masaƙa ba. Jakuna ya saya da diyyar, ya shiga fataucin auduga, da shi ya ciyar da su.