Matar da Ke Zaune a Dutsen Mashigi

A zamanin da, can a wata ƙasa ta Sin, an yi wani sarki wanda birninsa ke ci da sha daga mashigin kogi guda. Ta nan fatake ke shigowa da siliki da gishiri. Mutanen ƙasar sun gaji wani sani daga kakanninsu: duk wanda ruwan ya ci, kurwarsa ba ta tafiya sai ta jawo wani ya maye gurbinta. Saboda haka kowace damina sai kogin ya ci mutum.

Ana nan sai ruwan ya ci Suyin, matar Tao magatakardan sarki. Daga kanta ba a sake rasa kowa ba. Sai dai da rana tsaka akan gan ta zaune bisa wani dutse a tsakiyar ruwa, gashinta a jiƙe. Fatake suka tsorata, suka sauya hanya, kasuwa ta mutu.

Shi kuwa Tao bai yi kuka ba tun ranar. Yakan zo fada, ya niƙa tawada, ya rubuta abin da aka ce, ya koma gida ya ci abinci bai san ɗanɗanonsa ba. Bai taɓa zuwa bakin kogin ba.

Ran nan sarki ya ce, "Akwai ɗan fashi a kurkuku. A jefa mata shi, ta samu ta tafi. Tao, rubuta."

Tao ya tsoma alƙalami.

Sai Waziri Gao ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in ta tafi, wa zai zauna bisa dutsen? Mutumin da ya kashe mutane yana da rai, shi za mu ba mashigi?"

Sarki ya ce, "To, wa za a ba ta?"

Tao ya ajiye alƙalami, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni." Ya faɗe shi kamar mai karanta wasiƙar wani.

Sarki zai hana, Waziri ya matsa ya yi masa raɗa: "A bar shi. Amma a tara fatake su gani."

Kashegari da rana tsaka aka cika gaɓar kogi. Tao ya tuɓe takalmansa, ya jera su, ya shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji. Bai ji sanyi ba. Da ya ɗaga ƙafa zai ƙara, sai ruwan ya tura shi baya a hankali. Ya sake, ruwan ya sake tura shi.

Suyin ta ɗago kai, ta ce, "Malam, ka rame."

Ya ce, "Na zo in karɓe ki. Ki tafi ki huta."

Ta ce, "Wanda ya jawo ni yaro ne, yana kuka yana ba ni haƙuri. Na san nauyin abin. Tsofaffi sun bi ta gabana, masu goyo sun bi, na naɗe hannuna. Sai kai zan miƙa wa?"

"To, har yaushe za ki zauna?"

"Ban sani ba. Na daina ƙirgawa. Koma, tufafinka sun jiƙe."

Ya daɗe a tsaye yana dubanta. Sai ya juya ya fito.

Fatake duk sun ji da kunnensu. Wani tsoho mai jaki ya fara shiga, ya ƙetare lafiya, sauran suka bi. Sarki ya soke umarninsa, ya mai da ɗan fashi hannun alƙali aka yi masa shari'a irin ta kowa. Ya kuma sa doka kada wanda ya jefi matar dutse ko ya nemo mai korar fatalwa. Kasuwa ta dawo.

Tao ya roƙi sarki ya sallame shi. Ya kafa bukka a gaɓa. Kullum da rana yakan zauna, ita ma ta zauna, ruwa na gudu tsakaninsu. Ba safai suke magana ba. Gashinsa ya yi fari, nata yana nan baƙi.

Da ajalinsa ya zo, bisa tabarmarsa ya same shi, a tudu, ya tafi inda matattun tudu ke tafiya. Waziri, wanda shi ma ya tsufa, ya sa aka tallafa masa zuwa gaɓa ya gaya mata rasuwar Tao da bakinsa.

Ta ce, "Na gode, Waziri." Sa'an nan ta ce, "Ga masu goyo can za su ƙetare. A ce su bi ta hagu, dama da zurfi."

Nan masu ba da labarin suke tsayawa.