Yadda bitamin D ya kusa kashe karen kafinta

"Ja shi rana! Na ce ka ja shi rana, kai wai ba ka ji ne?"

Farfesa ke nan tsaye a bakin shagon ƙaninsa, waya a hannu, yana ta ba da umarni. Kare kuwa ya kafe ƙafafu huɗu a ƙasa, ya ce shi fa inuwa yake so.

Bari in ɗan koma baya don ku gane. Akwai wani kafinta, mutum mai sanyin hali, yana da kare da ke masa gadin shago shekara takwas. Kunnuwa ake ce wa karen, don kunnensa ɗaya a tsaye yake, ɗaya a kwance. Tun da ya zo ko ƙusa ba ta taɓa ɓata a shagon nan ba. Da rana a ƙarƙashin teburin aiki yake kwanciya, garin katako ya yi ta zuba a bayansa, ko a jikinsa.

Wata rana kafinta yana kaɗe masa garin katakon sai ya ji wani ƙullutu a gefen cikinsa. Ya kai shi asibitin dabbobi. Likitar wata matashiya ce, ta yi gwaje-gwajenta, ta ce ciwon daji ne, amma an yi sa'a bai yi nisa ba. Ta sa ranar tiyata, kwana goma masu zuwa. Ta kuma ce jininsa ya nuna bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa, ta rubuta irin abincin da za a riƙa ba shi. Har sau biyu ta ce, "Don Allah kar a ba shi wani magani sai na sani."

To inda kafinta ya yi kuskure shi ne da ya ba yayansa labari.

Yayan nasa ba farfesa ba ne fa, tayoyin mota yake sayarwa. Sunan ya bi shi ne saboda duk maganar da aka ɗauko sai ya zaro waya ya ce, "Tsaya, ai akwai bincike." Minti biyar bai yi ba ya samo wani rubutu kan bitamin D da ciwon daji a karnuka. Kan labarin kawai ya karanta, wallahi ko layi na biyu bai kai ba.

"Ka gani ko? Rashin bitamin D ne ya jawo. A cika masa shi, ƙullutun ya narke, ba sai an yanka shi ba. Rana da ƙwaya, shi ke nan."

"Yaya, likita fa ta ce kar a..."

"Wace likita? Wannan yarinyar? Ni da na goya ka ne ban san abin da nake yi ba?"

Kun san dai yadda abin yake. Mutumin da ya riƙe ka bayan rasuwar mahaifinku, ya kai ka koyon sana'a, da wane baki za ka ce masa a'a? Kafinta ya sunkuyar da kai. Farfesa ya shiga kemis ya sayo bitamin D na mutane, mai ƙarfin ma ya zaɓa. Kullum sai ya tura ƙwayoyi cikin nama ya ba Kunnuwa, sannan a ɗaure shi a rana tsaka kamar an shanya wanki.

A kwana na biyar Kunnuwa ya daina cin abinci. Ruwa kawai yake sha, a cika masa roba ya shanye, a sake cikawa. Ga fitsari ba tsayawa, ga amai.

Matar kafinta ce ta kawo wa mijinta abincin rana ta tarar da karen a zube. Tana ajiye kwano idonta ya faɗa kan kwalbar maganin a bayan gwangwanin fenti.

"Maigida, wannan na waye?"

"Na Yaya ne."

"Yaya ne ke sha, ko Yaya ne ke bayarwa?"

Kafinta ya sosa ƙeya.

"Kai da ko katako ba ka yankawa sai ka auna sau uku, shi ne ka bari ake ɗura wa dabba magani ba awo? Ɗauke shi mu tafi. In Yaya ya yi faɗa ka ce ni ce, kaina zai ɗauka."

Farfesa ya ji labari ya biyo su asibiti da shirin yin bayani. Likita ta karɓi kwalbar, ta juya ta, ta tambayi guda nawa ake ba shi a rana. Da aka faɗa mata sai da ta cire tabarau.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Farfesa da wayar da ke hannunsa ta ce, "Baba, abin da ka karanta akwai gaskiya a ciki. An sha samun karnuka masu ciwon daji da ƙarancin bitamin D. Amma har yanzu ba a tabbatar ko rashinsa ne ke kawo ciwon ba, ko ciwon ne ke rage shi. Ba a kuma ce yana narkar da ƙari ba. Sannan kare ba irinmu ba ne, fatarsa ba ta haɗa bitamin D daga rana yadda tamu ke yi, a abinci yake samu. In kuma ya yi masa yawa, ƙodarsa yake ci. Da kun ƙara kwana biyu, da ba maganar tiyata muke yi ba."

Farfesa ya mayar da wayarsa aljihu.

Aka ɗaura wa Kunnuwa ƙarin ruwa, aka ɗage tiyata sai ƙoda ta huta. Abin da ya ba kowa mamaki, kullum da safe Farfesa na kan bencin asibitin nan kafin ma ƙaninsa ya iso. In likita ta fito sai ya miƙe tsaye: "Ranki ya daɗe, yaya mai jikin?"

Bayan sati uku aka yi tiyata, aka cire ƙullutun lafiya lau. Yanzu haka Kunnuwa ya koma ƙarƙashin teburinsa, har ya yi ƙiba, duk wata uku ake kai shi a duba.

Farfesa kuwa bai daina lacca ba, hhh. Kwanan baya wani maƙwabci ya ce zai ba akuyarsa maganin ciwon kai, sai ga shi ya taso masa: "Kai! Ka tambayi likita? Ni fa tun farko abin da nake gaya wa ƙanina ke nan, ba ya ji!"

Kafinta ya kalli matarsa, matarsa ta kalli silin.

Darasi: Karanta kan labari a waya ba ya mayar da mutum likita, kuma maganin da ya yi maka amfani zai iya kashe dabbarka. Girmama na gaba wajibi ne, amma in rai na cikin haɗari, ka faɗi gaskiya cikin ladabi. Ku tura wa duk mai kiwon dabba, musamman Farfesan gidanku, don na san kowane gida akwai shi.

Amma tsakani da Allah, da kai ne kafintan nan, za ka iya kallon idon yayanka ka ce masa a'a?