Wanda Ya Mayar wa Malam Ilu Hannunsa

Ku gyara zama ku ba ni hankalinku, don maganar da zan kawo muku ba ni zan yanke ta ba, ku za ku yanke.

A Malumfashi akwai wani dattijo da ake kira Malam Ilu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare. Da ya yi ritaya bai koma zaman majalisa ba. Sai ya sayi wani ɗan ƙaramin injin sassaƙa, irin wanda kwamfuta ke yi wa jagora, ya girke shi a shagon ƙofar gidansa. Mutum zai zana abu a kwamfuta, ya ɗaure katako a kan teburin injin, shi kuma ya bi zanen yana rarake katakon. Da fari don nishaɗi yake yi, sai wata rana ya ziyarci makarantar yara makafi da ke bayan gari, ya iske ana karanta musu sunayen koguna da duwatsu suna haddacewa, ba tare da sun san ina ne gabas da ina ba. Abin ya tsaya masa a rai. Tun daga ranar ya koma sassaƙa musu taswira a kan katakon maɗaci: dutse ya yi tozo, kogi ya yi kwari, yaro ya bi da yatsa ya gane ƙasarsa.

To, kowace taswira sai an sauya wa injin baki, wato ƙarfen da ke cin katakon, sau da dama. Akwai baki mai kauri da ke share katako, akwai mai zagayen kai da ke fito da tudu da gangare, akwai siriri mai tsaga hanyar ruwa. Kowane sauyi sai an tsai da injin, a riƙe sifana biyu, a kwance noti, a sa sabon baki, a ɗaure tamau. Wannan bai taɓa damun Malam Ilu ba, sai da ciwon karkarwa ya kama masa hannu. Ya ɓoye abin iya ɓoyewa. Ran nan ya ɗaure noti yana zaton ya ɗauru, ya tayar da injin, bakin ya kwance ya karye, guntun ya yi tsalle ya tsarge masa kunci, saura ƙiris ya shiga ido.

'Yarsa Uwani, ma'aikaciyar jinya ce a babban asibiti, ita ta ɗinke raunin da hannunta. Da ta gama ta dube shi ta ce, "Wallahi, Baba, muddin ina numfashi ba za ka ƙara tayar da injin nan ba." Ta garƙame shagon da kwaɗo, ta tafi da makulli.

Malam Ilu bai yi mata musu ba, don ya san gaskiyarta. Amma daga nan ya fara dusashewa. Kunci ya warke, shi bai warke ba. Ya rage cin abinci, ya rage magana, ya kan zauna a kan dakali ya jingina da ƙofar shagon tun hantsi har azahar. Taswirar Afirka da ya faro tana ciki a ɗaure, rabi sassaƙe rabi ɗanye. In malamin makarantar makafin ya aiko tambayar jiki, sai ya ce a gaya masa da sauƙi, ya juya fuska.

Na farkon da ya motsa shi ne Lurwanu, tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu injiniya ne a wata masana'anta a Kaduna. Ya zo dubiya, ya ji yadda aka yi, ya ce akwai na'urar da ke sa injin ya sauya wa kansa baki ba tare da hannun mutum ba. Sai dai iri biyu ce. Ɗaya tana aiki da iska, irin ta manyan masana'antu, amma sai an cire kan injin, wato ɓangaren da ke riƙe baki yana juya shi, an sa wani mai nauyi, an kuma ajiye injin ba da iska irin na masu faci yana ta ruri. Kowa a gidan ita ya so, don ita ce mai suna. Lurwanu ya roƙi Uwani ta buɗe masa shagon, ya auna kafaɗar da ke ɗauke da kan injin, ya girgiza ta da hannu, ya ce wannan ba za ta ɗauki nauyin ba, za ta lanƙwashe, zanen ya riƙa fita a karkace; ga shi kuma wutar unguwar ba ta riƙe injin iska. Ya zaɓi ɗayar, wadda ba ta da kwarjini: wani ɗan dogon akwati mai jerin ramuka, kowane rami da bakinsa a ɗaure cikin notinsa. Kan injin zai je da kansa ya juya da baya ya kwance noti ya sauke wanda yake ɗauke da shi, ya matsa gaba ya murɗa wani. An yi masa gardama ƙwarai, har aka ce ya raina Malam ne. Bai janye ba. Ya ce, "Malam, ba wadda ta fi girma nake nema maka ba, wadda injinka zai iya zama da ita nake nema." Shi ya yi odarta, shi ya koya wa kwamfutar inda kowane rami yake. Da ba don Lurwanu ba, da ba a san da na'urar ba, ko kuwa da an sayo wadda za ta kashe injin.

Na biyu shi ne Ɗanliti, ƙanen Malam Ilu, mai walda a bakin tasha. Da na'urar ta iso sai aka ga ba ta da wurin zama a kan teburin, kuma kan injin gaba kaɗai ya iya juyawa, ba ya komawa baya. Lurwanu ya riga ya koma bakin aikinsa, sai dai waya. Ɗanliti ya rufe shagonsa a tsakiyar kaka, lokacin da manoma ke layin gyaran amalanke, ya tare a gidan yayansa. Uwani kan buɗe masa shagon ya yi aiki, in ya tashi ta mayar da kwaɗonta. Ya ƙera wa akwatin gindi na ƙarfe, ya sake jan wayoyin kan injin har ya koyi juyawa baya. Saitin kuwa ya ba shi wuya, don in ramin ya kauce ko da kaurin gashi ne, noti sai ya hau a karkace ya cinye zarensa. Ya lalata noti ba adadi. Abokan cinikinsa suka gaji suka koma wurin wani, wasunsu har yau ba su dawo ba. Da Malam Ilu ya ce ya bari haka ya koma sana'arsa, sai ya ce, "Yaya, kai ka riƙe ni da mahaifinmu ya rasu. Bar ni in gama." Da ba don Ɗanliti ba, da na'urar tana nan cikin kwalinta.

Ta uku ita ce Uwani. Makulli yana hannunta, rantsuwa tana wuyanta. Ta yi ta kai da kawo da zuciyarta, tana ganin tabon da ke kuncin mahaifinta, tana kuma ganin yadda rigarsa ta fara yi masa yawa. A ƙarshe ta karya rantsuwar, ta yi kaffara. Amma ta kafa sharaɗi. Ta lura maɓallin tsai da injin ƙarami ne, kuma hannu mai karkarwa ba zai same shi da sauri ba, abin da injiniya da mai walda duk ba su hango ba. Ta ce wa Ɗanliti, "Baffa, a mayar da shi ƙasa, inda zai taka da ƙafa, in ba haka ba ƙofar nan ba za ta buɗu wa Baba ba." Aka yi yadda ta ce. Ta kuma ɗauki nauyin zuwa kowace safiya kafin ta wuce asibiti, ta duba bakunan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure na ɗaurewa. Ba a daɗe ba kuwa, rannan katako ya kuɓuce daga maɗaurinsa injin na tsakiyar gudu, ya taso wa Malam Ilu. Hannunsa ya ƙi bin umarninsa, ƙafarsa ce ta taka. Injin ya mutu nan take. Da ba don Uwani ba, da shagon bai buɗu masa ba, da kuma ya buɗu, da an yi jana'iza.

Malam Ilu ya ƙarasa taswirar Afirka, ya yi wasu bayanta. Zai zauna a kujera, hannuwansa a kan cinya suna rawarsu, yana kallon injin ya je ya ajiye baki ya ɗauki wani. Abinci ya koma shiga, murya ta dawo.

Amma ciwo bai tsaya ba. Yanzu ya gangara ƙafafu, zaman kujerar ma ya gagara. Malam Ilu ya san in ya yi shiru har ta Allah ta kasance, injin zai shiga rabon gado, a sayar da shi, taswirar yaran ta tsaya. Don haka ya ƙudura ya ba da shi kyauta tun yana raye, ga mutum ɗaya, don ba abin da za a raba ba ne. Ya kira liman ya zama shaida, ya tara su ukun a bakin gadonsa, ya ce, "Zan bar shi ga wanda ya mayar mini da hannuna."

Sai ya dubi Lurwanu, wanda ya iya zane amma yana nesa da yaran. Ya dubi Ɗanliti, wanda ya san kowane noti na injin amma bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Ya dubi Uwani, wadda take kusa, take da kula, amma har yau gabanta faɗuwa yake in ta ji ƙarar injin. Babu wanda ya ce a ba shi a cikinsu. Hawaye ya gangaro wa dattijon, ya ce wa liman a ɗan ƙara masa lokaci.

Yana nan kwance, kullum ƙarfi na raguwa, liman yana jiran suna ɗaya. To, jama'a, tsakanin wanda ya zaɓa, da wanda ya ɗora, da wadda ta buɗe ƙofa ta kuma tsare ransa, wa Malam Ilu zai ambata?